Rifita a Kan Dutse, Baba a Kwance

A shekarun da kuɗin mai ya fara zubowa, ma'aikatarmu ta kamu da ciwon sayen kaya. Duk abin da wani babba ya gani a tafiyarsa sai an sayo mana shi, ko akwai wanda ya iya aiki da shi ko babu. Ni a lokacin ƙaramin ma'aikaci ne a sashen da ke yaƙi da jan-baki, tsuntsayen nan da in suka sauka a gonar dawa da safe, kafin azahar sai dai mai gona ya kwashi kara. Aikina gyaran rediyon oba-oba da masu feshi ke riƙewa, kuma a Birnin Kudu aka ajiye ni. Ban yi wani dogon karatu a kai ba. Kwas na 'yan watanni aka tura ni, na dawo aka fara ce min Injiniya, ni kuma ban musa ba.

Oba-oban namu ba ya kaiwa daga Birnin Kudu zuwa Gwaram. Nisa ya yi masa yawa, ga duwatsu a tsakani. In masu feshi suka gano makwancin tsuntsu a ƙasar Gwaram, sai an aiko mutum, kafin magani ya isa tsuntsu ya ci ya ƙoshi ya canza sheƙa. Shi ya sa aka kawo mana wani akwatin ƙarfe mai hannu biyu, wai shi rifita. Aikinsa ɗaya ne: a ɗora shi a wuri mai tsawo, ya ji maganar wannan ya cilla wa wancan. Wanda ya kawo shi ya sauke, ya sha ruwa, ya koma. Littafin bayanin da ya bar mana rabinsa ma ba da Turanci aka rubuta ba.

A makon ne kuma Yaya, babban wana, ya aiko min daga ƙauyenmu a ƙasar Sara cewa jikin Baba ya matsa. Baba ya daɗe yana fama da ciwon ƙirji, amma shi ba mutumin kwanciya ba ne, ko damina ta bara da kansa ya yi huɗa. Jin an ce ya kwana uku bai fita masallaci ba, na san ba ƙaramin abu ba ne. Na shiga wurin maigidanmu na ofis na nemi izinin tafiya. Ya yi min jaje sosai, har da addu'a, sannan ya ce baƙi za su zo daga Kano ranar Alhamis su ga rifita tana aiki, kuma ba wanda ya san kanta sai ni.

"Ka tsayar min da ita, ranar Alhamis ɗin da yamma ni zan ba ka mota ta kai ka har ƙofar gida," in ji shi.

Ranar Litinin ce. Na ce to, ranka ya daɗe, na fito ina ƙirga kwanaki a raina. Abin da nake so bai wuce in tarar da Baba da rai ba, in kuwa Allah bai nufa ba, to a yi masa salla da ni.

Kafin mu fara hawa dutse sai da na je Gwaram na kafa wa ƙaramin ofishinmu na can rediyonsa. Mai kula da ofishin wani dattijon akawu ne da ya yi aiki tun zamanin En'e, mutum mai tsafta da sanyin magana, ba ya zama a kujera sai ya kaɗe ta. Ya san Baba, sun sha haɗuwa a kasuwar Gwaram. Na koya masa yadda ake danna maɓalli a yi magana a saki, sannan na roƙe shi alfarma. Na ce na aika wa Yaya cewa duk abin da ya faru a aiko ofishin Gwaram, tunda daga ƙauyenmu zuwa Gwaram tafiyar keke ce, shi kuma ya sanar da ni ta rediyo nan take. Ya ce, "In sha Allahu alheri za ka ji, Injiniya." Na ɗauki wannan a matsayin ya amsa. Sai daga baya na tuna bai ce to ba.

Dutsen da muka zaɓa yana bayan garin Birnin Kudu ta ɓangaren Gwaram. Ba shi ne mafi tsawo ba, amma shi ne wanda a-kori-kurar ofis ke iya isa gindinsa. Ni da direba muka yi dakon kayan, shi kuwa mutum ne mai ƙiba da ciwon gwiwa, duk taku goma sai ya tsaya ya tsine wa wanda ya ƙera akwatin. Batirin babbar mota guda biyu, bututun ƙarfe da ake harhaɗawa su zama dogon sanda, eriya biyu, nannaɗen waya, igiyoyi, jarkar ruwa. Sawu biyar muka yi. Ƙarshen damina ne, dawa ta fara nuna, rana tana dukan dutsen tun hantsi har ba ka iya dafa shi da tafin hannu.

Wahalar farko, a dutse ba a kafa turke. Littafin ya zana mutum yana buga turaku a ciyawa mai laushi, yana murmushi. Mu kuwa sai da muka bi tsagar dutse muna cusa guntayen rodi, inda babu tsaga muka cika buhuna da tsakuwa muka ɗaure igiya a jiki. Sandan ya miƙe, iska ta kaɗa, ya karkace, muka sake. Wajen la'asar na haɗa batir na kunna. Fitila ta kawo, na ji daɗi, na kira Gwaram. Shiru. Na kira Birnin Kudu da nake hango rufin kwanonta da idona, can ma sai wani kuka kamar an taka wutsiyar kyanwa. Haka Talata ta tafi.

Ranar Laraba na gano laifina ne. Rifita kunne gare ta da baki, eriya ɗaya ta ji, ɗaya ta faɗa, ni kuma na ɗaure su kusa da juna, bakin yana yi wa kunnen ihu har ba ya jin kowa. Dole muka kwantar da sandan, na mai da ta ji can ƙololuwa, ta faɗa na sauko da ita ƙasa sosai. Daga nan kuma na tarar raɓa ta shiga mahaɗin waya, na kwance, na shanya, na naɗe da salatif. Zafi ya sa akwatin yana kashe kansa, muka sayo zana a ƙauyen da ke gindin dutsen muka yi masa rumfa. Mu da muke aikin ba mu da rumfa, akwati yana da ita. Tafin hannuna duk ya yi kanta, wuyana ya saɓule, kuma duk abin nan da nake yi rabin hankalina yana ɗakin Baba.

Da azahar ta gota na sake dannawa na kira Gwaram, sai ga muryar dattijo tar kamar yana tsaye a bayana. Wallahi sai da na zauna. Shi kuwa ya fara gaisuwa: ina wuni, ina gajiya, ya aiki, ya rana, ya mutanen Birnin Kudu, ya maigida, ya direba da ƙafa. Akwatin an yi masa wani agogo a ciki, in mutum ya daɗe yana magana sai ya katse shi, don kada ɗaya ya riƙe hanya. Yana tsakiyar gaisuwa akwatin ya katse shi. Ya sake dannawa ya ce, "Injiniya, wannan abin naku ba shi da tarbiyya." Direba ya yi dariya har da riƙe ciki. Na tambaye shi labarin gida, ya ce wani ya shigo kasuwa ya ce jiki da sauƙi, Baba har ya sha kunu. A ranar na sauko daga dutsen nan ƙafata ba nauyi.

Alhamis aka tsara gwajin haka: maigida da baƙinsa a ofishin Birnin Kudu, dattijo a Gwaram, direba ya ɗauki ƙaramin oba-oba ya zaga da mota ta wajen Sundimina da ƙauyukan da ke kewaye, yana tsayawa yana kira don a san inda magana ke kaiwa da inda take mutuwa. Ni kuma ni kaɗai a kan dutse, ina gadin akwati, ina duba ƙarfin batir, ina rubuta wuraren a takarda. Duk wanda ya danna, kowa na jinsa. Wannan shi ne abin da aka zo gani.

Da safe komai ya tafi daidai. Dattijo ya gaida maigida, ya gaida baƙi ɗaya bayan ɗaya, a guntu-guntu don kada a katse shi. Direba ya kira daga gindin wata kuka, aka ji shi. Ya kira daga cikin wani kwari, aka ji rabi. Na rage ƙarar shuu ɗin da ke shiga tsakanin magana, na ɗan juya eriya, aka ji shi duka. Ɗaya daga cikin baƙin ya karɓi maɓallin ya yi ta yaba wa gwamnati har akwatin ya katse shi shi ma, na ji daɗin wannan.

Gab da azahar maigida ya ce a sake kiran Gwaram. Na kira sau biyu ba a amsa ba, a na uku dattijo ya ce, "Ina ji." Shi ke nan. Mutumin da ba ya iya cewa ina ji sai ya tambayi lafiyar kajinka. Na ce, "Malam, akwai labari daga gida?"

Ya danna ya ce, "Kawunka ya zo nan. Na ɗora shi a babur ɗin malamin gona, ya taho wurinka. Ka jira shi a nan."

Kawu ƙanin Inna ne, mutumin da ba ya barin gonarsa a irin wannan lokaci ko da biki ake a gidansa. Na ce, "Lafiya dai?"

"Ka jira shi dai, Injiniya."

"Malam, don Allah ka faɗa min. Abin da na roƙe ka ke nan."

Sai shuu. Ina jin lokacin da ya danna, ina jin numfashinsa, sannan ya saki. Sai muryar maigida ta shigo, da alama bai gane abin da ake ciki ba, ko kuma ya gane ya ga baƙi na zaune. Ya ce a bar hirar gida zuwa an jima, direba ya faɗi inda yake.

Nan ne wurin da har yau in na tuna raina ke ɓaci, kuma ba dattijo kaɗai nake jin haushi ba, har da kaina. Mota tana hannun direba, direba yana jina. Kalma ɗaya ce za ta sa maigida ya ce ya juyo ya ɗauke ni, kuma da na isa gida kafin la'asar. Amma ba a faɗa min kalmar ba, ni kuma bakina ya ƙi furta ta. Ta yaya zan danna maɓalli, a gaban baƙi, in ce ina jin ubana ya rasu, alhali ba wanda ya ce min haka? In kuma yana da rai fa? In jiki ne ya ƙara tsananta aka aiko a taho da ni? Sai ya zama na yi wa mahaifina fatan mutuwa da bakina, Birnin Kudu ta ji, Gwaram ta ji. Na riƙe maɓallin nan har gumi ya jiƙa shi, na ajiye.

Aka ci gaba da gwaji. Direba ya kira daga bakin wata makarantar firamare, na rubuta ana ji. Ya kira daga wata fadama, na rubuta ana ji kaɗan. Na yi taimama a ƙurar da ke cikin tsagar dutse, don ruwan jarka ya ƙare, na yi azahar ban san me na karanta ba. Daga inda nake ina hango hanyar Gwaram, jar ƙasa tana bi ta cikin dawa. Duk abin da ya motsa a kanta sai in miƙe. Amalanke ne, mai keke ne, shanu ne. Batir ɗaya ya yi sanyi, na sauya da ɗayan, har na kusa haɗa wayar a juye. Baƙi suka ce sun gamsu, za su ci abinci, amma a bar rifitar a kunne su ga ko za ta jure zafin rana. Ta jure kuwa. Ban taɓa kafa wani abu da ya yi aiki lafiya kamar yadda ta yi a ranar ba.

Sai da inuwar dutsen ta miƙe ta rufe gonakin da ke gabas sannan na ji ƙarar babur. Ashe rafin da ke hanya ya kawo ruwa, sun tura babur ɗin ta ciki, fulogi ya jiƙe, suka zauna suna shanya shi. Kawu ya tsaya a gindin dutse, wandonsa duk taɓo, ya ɗaga hannu yana yi min alamar in sauko. Na ɗaga murya na ce, "Kawu, Baba ne?" Hannun kawai ya ci gaba da yi min. Na sauko, rabi da ƙafa rabi da mazaunai.

Ko da na iso gabansa bai faɗa ba. Ya kama hannuna ya kai ni gindin wata ɗorawa, ya ce in zauna. Ya karɓo ruwa a wurin matan da ke dawowa daga rijiya ya ba ni, ya tsaya sai da na sha. Ya tambaye ni gajiya. Sannan ya tsuguna a gabana, ya dafa gwiwata, ya ce, "Sai haƙuri. Allah ya yi wa babanku rasuwa yau da hantsi."

Na yi salati. Ban yi kuka a lokacin ba, gajiya ce kawai ta sauko min gaba ɗaya, irin wadda ko hannu ba ka son ɗagawa. Amma dole na sake hawa dutsen nan, don rediyon yana can sama. Na danna na ce, "Ranka ya daɗe, an aiko min mahaifina ya rasu." Maigida bai bari na rufe baki ba, ya ce direba ya bar duk abin da yake yi ya juyo. Direba ya ce ai tun ɗazu jikinsa ya ba shi, yana kusa. Ko rabin sa'a bai yi ba ya iso.

Muka bar akwatin a kunne, muka ɗauki Kawu. Direba ya yi gudun da ban taɓa ganin ya yi ba, bai yi maganar gwiwa ba ko sau ɗaya. Mun shiga ƙauye rana tana shirin faɗuwa. Tun daga nesa na ga tabarmi a ƙofar gida, mutane zaune, ga makara an jingine ta a bangon masallaci, an wanke ta tana ɗiga. Ba wanda ya buƙaci ya gaya min an riga an kai shi.

Ranar sadakar uku dattijon akawu ya zo ta'aziyya a kan kekensa, cikin farar riga. Ya yi addu'a mai tsawo. Da zai tafi na raka shi, kuma na yi niyyar in yi shiru, amma na kasa. Na ce, "Malam, da ka faɗa min a lokacin, da na samu salla."

Ya tsaya ya riƙe keken, bai sunkuyar da kai ba. Ya ce, "Na sani. Amma kana kan dutse kai kaɗai, ba mai riƙe ka. In ƙafarka ta zame fa, me zan ce wa mahaifiyarka? Kuma a cikin akwatin nan direba na ji, maigida na ji, baƙin da ba su san ubanka ba suna ji suna cin goro. Mutuwar uba ba labarin jan-baki ba ce. Ana zuwa ne a zaunar da mutum a gaya masa."

Na ce to ai don gaggawa aka kawo abin. Ya ce shi bai san wannan ba, abin da ya tarar ana yi ke nan, kuma ko gobe aka maimaita haka zai yi. Ya ba ni hannu, na ba shi. Ban iya na tsane shi ba, kuma ban iya na ce ya yi daidai ba. Mun yi shekaru muna aiki tare bayan nan, kullum ta rediyon nan, kullum sai ya tambayi lafiyar Inna.

Da yammacin ranar sadakar ukun, bayan mutane sun ragu, muna naɗe tabarmi ni da Yaya. Tun da na zo bai ce min komai a kan rashin zuwana ba, ni ma ban tambaya ba. Na ce masa, "Yaya, me ya sa aka kai har la'asar? Ai ba a saba ajiye gawa haka ba."

Ya ci gaba da naɗin tabarmar, bai dube ni ba. Ya ce liman ya so a yi da azahar, shi ya hana, ya ce ƙaninsa yana da abin magana a hannu, yanzu za a gaya masa, yanzu zai zo. Aka jira. Mutanen da suka zo daga nesa suka fara tashi, ya roƙe su suka koma suka zauna.

"An yi masa wanka, an sa likkafani, amma na ce kada a rufe fuskar," in ji Yaya. "Ni na zauna a kansa ina kore ƙuda, ina cewa kana hanya. Sai da aka kira la'asar liman ya shigo ya ce in ji tsoron Allah. Sannan na rufe."